Wuƙar da Ba Ta Hau Jirgi Ba

Tiga, 6 ga Maris, 2023

'Yata Zubaida,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin mahaifinki, Allah Ya ba shi lafiya.

Kin ce Balarabe yana kwance a asibiti a Legas, yana son ganina, kuma in zo masa da 'yar wuƙar mahaifinmu ya riƙe ta a hannunsa. Kusan shekara hamsin ke nan bai nemi wani abu na gidanmu ba. Bari ki ji abin da bai gaya miki ba. Lokacin da aka tashe mu saboda ruwan dam, ina kwalejin horon malamai. Shi ya ɗora akwatin Malam a motar gwamnati, aka ba su 'yar takarda, ya ce wa tsohon wai hukuma ba ta ɓatar da kaya. Littattafai ne a ciki da rigar sallarsa. Har yau motar ba ta iso ba. Wuƙar ta tsira ne don tana aljihun Malam, da ita yake feƙe alƙalami. Daga baya ƙanen nawa ya karɓi aiki a wajen masu ruwan, ya yi gaba. Ko jana'izar Malam bai zo ba.

Zan zo, amma ba don na manta ba.

Baffanki,
Sha'aibu

Legas, 8 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da su Inna Tasalla. Da na karanta wa Baba cewa za ka zo, ya yi kuka, sannan ya yi dariya, ya ce Yaya sai ya yi musu ko da matuƙin jirgi ne.

Na yanka maka tikiti daga Kano. Likitoci sun ce kada mu yi jinkiri, shi ya sa ban yarda ka biyo hanya ba. Don Allah ka lura da abu guda: ba a shiga jirgi da wuƙa a jiki, komai ƙanƙantarta. Ka sa ta a jakar da za su auna su kai ƙasan jirgi. Kana sauka za su ba ka kayanka.

'Yarka,
Zubaida

Kano, 11 ga Maris

Zubaida,

Gaisuwa. A tashar mota nake rubuta miki, za a turo miki hoton wasiƙar ta waya.

Ban ɗauki jaka ba. Na shiga layi a filin jirgi da wuƙar a aljihun da take kwana kullum, injinsu ya yi kuka. Wata ma'aikaciya, sa'arki, ta naɗe ta, ta buɗe, ta ce ba za ta wuce ba. Ban ga rashin kunya a wajenta ba, gaskiya. Har kwali ta nemo mini, ta ce in koma a ɗaure shi a auna, za su ba ni takarda.

Na ce, "Mahaifina ma an ba shi takarda."

Ta nuna mini kwandon da ke gefenta, cike da almakashi da abin yanke farce, ta ce to sai dai nan. Na zaro Turancin da rabona da shi tun ina koyarwa, na tambaye ta wane ne wuƙa mai tsawon ɗan yatsa za ta kashe. Ta ce ba ita ta rubuta dokar ba. Haka mai motar gwamnatin nan ya ce wa Malam. Wani mai ƙaton agogo a bayana ya ce, "Baba, ko matuƙin za ka yanka ne?" Na ce masa kaza ma sai na zauna nake yanka ta.

Suka yi ta kiran sunana a lasifika har suka gaji. Sau ɗaya aka karɓi kayanmu da sunan tsari, ba za a yi na biyu ina tsaye ba. Ki ce wa Balarabe ya jira ni, ina tafe da ita a mota.

Baffanki

Legas, 25 ga Maris

Baffa,

Ina fatan ka isa gida lafiya. Ban iya magana a gaban masu ta'aziyya ba, sai yanzu. Ranar da jirginka ya sauka, Baba ya sa aka tayar da shi zaune, aka sa masa hula, yana kallon ƙofa. Bai ƙara ambaton wuƙa ba. Kai yake tambaya.

Zubaida

Tiga, 2 ga Afrilu

'Yata,

Allah Ya jiƙan Balarabe, Ya ba mu haƙuri.

Ba zan ce dokarsu daidai ce ba don ki ji daɗi. Da za a mayar da ni layin nan, ban tabbata hannuna zai buɗe ba. Ki yi fushi da ni, kina da hakki.

Motarmu tana Ilori ya cika. Na iso an dawo daga maƙabarta. Ban ga ƙanena ba.

Sha'aibu