Na Yanke Hanya, Malam Sharhabil Ya Koma Nemana

Anti Safara'u, don Allah ki taimake ni da shawara. Mako uku ke nan wani abu yana cin raina.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Doka, shekaruna arba'in da ɗaya. Ƙwallo na taso ina bugawa, lamba tara. A fili mun saba da cewa abin da alƙalin wasa bai gani ba, bai faru ba. Na sha faɗuwar ƙarya, na sha jan riga, kuma yabo nake samu. Wanda ya ɓarar mana da ƙwallo kuwa, zagi har gida.

Bara likita ya ce jinina ya hau, sai na shiga ƙungiyar masu gudu da ke haɗuwa kowace Asabar bayan asuba. Halinsu ya ba ni mamaki. Wanda ya gama sai ya juya ya taro na baya, kuma na ƙarshe ya fi kowa shan tafi. A nan na san Malam Sharhabil, malamin Islamiyya a Unguwar Shanu, ya haura hamsin da biyar. Lokacin da kilomita biyu ke gagarata, shi ke rage gudu ya jera da ni.

Wata shida ya yi yana shirin gudun kilomita ashirin da ɗaya da ƙungiya ta shirya, karonsa na farko. Har iyalinsa sun zo tarbarsa. Tare muka tashi. A kilomita na sha huɗu na gaji, na ce masa jiri nake ji, na roƙe shi ya wuce kawai. Ya ce zai jira ni a teburin ruwa na gaba. Yana shan kwana na ga wani lungu da na sani, na bi, na yanke kusan kilomita huɗu. Na zo na bakwai, aka yi ta rungumata.

Anti, ashe Malam ya tsaya a teburin. Da ya ga shiru, kuma ya san ciwona, sai ya juya baya yana tambayar masu shaguna ko wani ya faɗi, har kemis ya leƙa. Bayan awa biyu ya iso a Keke Napep, ƙafafunsa sun yi bororo, bai ƙarasa gudunsa ba. Da ya gan ni hamdala kawai ya yi. Na ce masa saɓani muka yi. Yanzu kuma an naɗa ni mai kula da sababbin shiga. In na faɗi gaskiya mutuncina ya zube, in na yi shiru ba na iya haɗa ido da shi. Yaya zan yi?

Tsohon Lamba Tara, Kaduna

Ɗan'uwa, na ji, kuma damuwar nan taka alama ce ta alheri. Amma kada ka ɗora wa ƙwallo laifin duka. Akwai waɗanda suka buga ta suka fito da amana da zumunci. Abin da ka ɗauko daga fili shi ne tsoron a gan ka a baya, ka kai shi wurin da ba a tambayar kowa na nawa ya zo.

Fargabarka tana kan hanya: wasu za su ji haushi, muƙamin ma zai iya tafiya. Sai dai Malam ya san titin nan, ya san gudunka. Ina kyautata zaton ya daɗe da ganewa, yana rufa maka asiri ne.

Ka fara da shi. Ka same shi a gida cikin makon nan, kai kaɗai, ka faɗi abin da ka yi ba tare da kawo uzurin gajiya ba. Yanke hanyar ƙaramin laifi ne. Babban shi ne barinsa yana yawo cikin rana da tunanin ka faɗi, sannan ka ƙara da ƙarya. Ranar Asabar ka gaya wa ƙungiya a taƙaice, ka ajiye muƙamin, su yanke abin da suka ga dama. Idan jirin gaskiya ne, ka koma wa likita kafin ka sake dogon gudu.

Sannan ka tambayi Malam yaushe zai sake gwadawa, ka yi shirin tare da shi, da irin takunsa. Idan bai saki jiki da kai nan take ba, ka ba shi lokaci, haƙƙinsa ne. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya ƙara muku lafiya kai da shi.

Anti Safara'u