Gara Na Cinye Gidan Gonar Kakana

Baba Ɗankande, don Allah ka taimake ni kafin damina ta gama tona mini asiri. Ni akawu ne a nan Tamale, ina zaune a Changli. Bara da aka yi bikin samun 'yancin kai na bi mota har Akra, na shiga wani gida da ake ajiye kayan mutanen da. Na ga tukwane a bayan gilashi, kowace da takardarta, ba mai taɓawa. Wallahi randar kakana ta fi su duka kyau.

Kakan nan ya bar mana gidan gona a bayan Kalpohin, ɗakuna huɗu masu jinka. A ciki akwai randar, da bindigarsa ta toka, da buzun sallarsa, da turmin da aka ce ya riga Bature zuwa ƙasar nan. Ba kowa a gidan sai ƙanwar mahaifina, Mma Salimatu, da zabinta. Da na dawo na tarar tana jiƙa dawa a randar, ta rataye busasshiyar kuɓewa a bakin bindigar, hayaƙin murhunta ya mai da jinka baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci. Na lallashe ta ta dawo gidana mai rufin kwano, na rubuta wa kowane kaya takarda da Turanci, na garƙama wa ƙofa kwaɗo.

Jiya na je dubawa. Baba, da takarduna gara ta fara, ta cinye su tas, yanzu ta hau itacen jinka. Daɓe ya farfashe, yoyo ya sauka daidai kan buzun. Wata zabuwa da ta ƙi kamuwa ta shiga ta inda bango ya zube, tana kwanci a cikin turmin, har ta kore ni.

Wana Abukari ya rantse in jinka ta faɗi zai baje gidan ya shuka gyaɗa, wai sabuwar ƙasa ba ta bukatar tsofaffin bukkoki. Mma kuma ta rame. Ta ce kwano na dafa mata kai, ruwan famfo ba ya kashe ƙishi, tuwon matata Humu na majinyata ne. Humu ta ce ko Mma ta koma gona ko ita ta koma gidansu. Abin da ya fi cin raina, kullum da hantsi Mma na zaune bakin ƙofa da ƙunshinta a cinya tana kallon hanya. Amma in na mai da ita, za ta ci gaba da jiƙa dawa a cikin tarihinmu. Yaya zan yi?

Akawu mai kwaɗo, Changli

AMSA

Malam Akawu, niyyarka kyakkyawa ce, samari kaɗan ne ke waiwayar turmin kakansu a wannan zamani. Sai dai ka yi gyaran gangar Abzinawa. Hayaƙin da ya ɓata maka rai shi ke busar da jinka, shi ke korar gara. Daɓe kuma sai an bi shi da makuba kowane rani. Randar nan ta haura shekara sittin ana jiƙa dawa a cikinta, ba ta yi ƙara wajen kowa ba.

Kada ka ga laifin Abukari sosai. Gidan da ba mutum, macizai ke gadonsa. Ka ba shi filin bayan gida ya shuka gyaɗarsa, ta haka Mma za ta riƙa ganin ɗan'uwa kullum. Kai kuma ka toshe bangon, ka sa a tufke jinkar yanzu, da kaka a yi sabuwa. Ka shafa wa bindiga man kaɗe, kuɓewa ba za ta hana ta komai ba. Zabuwa ka bar ta ta ƙyanƙyashe. Ka ba Humu haƙuri, ta yi ƙoƙari.

Ranar Lahadi ka riƙa zuwa da alƙalaminka, Mma ta gaya maka labarin kowane kaya, ka rubuta ka adana a akwatin ƙarfe. Ka kulle turmi da randa, amma abu mafi daraja a gidan, wanda ke magana, shi ka kwaso ka ajiye a ƙarƙashin kwano. Gobe ka karɓi ƙunshin nan daga cinyarta, ka ɗauka da kanka, ka wuce gaba har gidan gona. Allah ya ƙara wa Mma lafiya, ya sa ka daɗe kana shaƙar hayaƙinta.

Baba Ɗankande