Sitiyarin Motar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya zafin Ikko? Mu nan Furfuri lafiya lau, Inna ma ƙafarta da sauƙi.

Akori-kurar marigayi Baba ce ta sa ni gaba. Sitiyarinta ya saki, sai ka murɗa ka murɗa kafin taya ta amsa, kuma hagu take ja. Bakanikenmu na Gusau ya ce ba zai biyo hanyar nan ba, ka san halin da ake ciki. Ga geronmu jibge a gona, ga hadari kullum.

Dole na ɗaga ta da jak a ƙofar gida. Da na girgiza tayar, sai na ga ƙarfen da ke haɗa ta da sitiyari ya cinye. Ashe robar tsohuwar taya ce Baba ya naɗe wurin da ita, shekara da shekaru tana riƙe, yanzu ta ruɓe. Na yanko sabuwa na ɗaure iya ƙarfina. Da na hau gwaji, ko kwanar masallaci ban kai ba motar ta kwashe ni sai cikin dangar Malam Isa.

Yaya, kai ka sha shiga ƙarƙashinta tare da Baba. Don Allah, yaya yake ɗaurin nan?

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka. Ita dai cewa ta yi, “Bar ta, Bala, hannun mai ita take nema.”

Ƙanenka,
Bala