Larabar da Ke Komawa Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan? Na san ba za ki rage zaman kan keken ɗinki ba, amma ki riƙa miƙewa kina taka ƙafa.

Kin tambaye ni aiki. To, Yaya, na koma, kuma kan bai yi tsatsa kamar yadda na ji tsoro ba. An zaunar da ni kusa da taga, a wani ɗan ofis da ke bayan sashen wankin ƙoda na asibitin. Mu ke kula da shafin intanet da marasa lafiya ke zaɓar ranar zuwansu.

Sai dai na tarar da rigima. Mutum zai zaɓi Laraba a wayarsa, kwamfutar asibiti ta rubuta masa Talata. Ran Talata a ce bai zo ba, a ba wani gadonsa. Da idona na ga wani dattijo, ƙafafu a kumbure, yana nuna wa babbar nas wayarsa, ita kuma tana nuna masa tata kwamfutar. Kowa da gaskiyarsa. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Shugabanmu, wanda muke kira Mai Gilashi, ya ce in duba. Tsakanin shafin da kwamfutar asibiti akwai wani rubutun umarni mai kai saƙo ya kawo amsa, kamar ɗan aike. Ba mutum ke rubuta shi ba, wata manhaja ce ke ƙera shi da kanta. Na bi shi layi-layi har na kama inda ranar ke zamewa, na gyara da hannuna. Yau kowa Larabarsa Laraba ce. Ki taya ni murna.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da addu'a. Ashe na yi saurin guɗa, ba a kai ga ɗaura auren ba!

Da aka sabunta shafin, manhajar nan ta sake ƙera ɗan aikenta, ta share gyarana tas. Ciwo ya dawo sabo. Mai Gilashi ya ce a bar ni ina sake liƙa gyaran duk sanda aka sabunta. Na ce a'a, ran da na yi zazzaɓi ko na manta fa? Da rayukan mutane ake wasa. Na roƙe shi ya ba ni lokaci, ya ba ni, ko da yake fuskarsa ba ta so ba.

Ke kika faɗo mini a rai. In awon da aka ba ki gurgu ne, ko riga nawa kika ɗinka haka za su fito. Sai na bar rigar na nemi awon, wato bayanin da manhajar ke karantawa kafin ta yi ƙira. Nan ɓarawon yake. An rubuta cewa a aika rana haɗe da lokaci, alhali rana kaɗai ake bukata. Sai wayar mutum ta ɗauki farkon Laraba, ta juya shi zuwa agogon da kwamfutoci ke bi a duniya, wanda ke bayan namu, ya faɗa ƙarshen Talata. Kalma ɗaya na canza, Yaya. Na sa manhajar ta sake ƙira, na gwada, na sake gwadawa da tsofaffin wayoyi da sababbi. Ranar ko gezau, Laraba ta tsaya a Laraba.

Mai Gilashi mutum ne mai adalci. A taron ma'aikata ya tashi ya ce aikina ne, kuma daga yanzu ba mai taɓa bayanin nan sai na duba. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, amma cikina kamar an ba ni sarauta. Shekarun da na yi ina goyo da wanke-wanke, na ɗauka ilimin ya bi ruwa. Ashe yana nan yana jirana.

Jiya babbar nas ta leƙo ofis ta ce layin masu ƙorafi ya watse, har ta samu ta sha shayinta da zafinsa. Ta kuma raɗa mini suna, yanzu har masu shara da shi suke kirana. Ki gaida kowa, ki ce sunan ya zauna, ga shi nan na sa hannu da shi.

Ƙanwarki,
Mai Gyaran Rana