Wanda Ke Lalubar Mu Shi Ke Karanta Mana Littafin Kariya

Anti, ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta kwashe ni.

Ni makauniya ce, ina saƙar kujerun roba a wata cibiyar koyon sana'a. Kwanaki wata ƙungiya ta kawo mana littafin horo kan kare nakasassu daga cin zarafi. Bugun takarda, Anti, ga makafi! Sai shugaba ya miƙa wa mai kula da sito ya riƙa karanta mana. Mutumin nan kuwa shi ne matsalarmu. In zai raka ki sito ɗauko kaya, maimakon ya ba ki gwiwar hannu ki riƙe, sai ya zagayo da hannunsa ta ƙugu, daga nan hannun ya fara yawo. Ya yi mini, na kuma ji muryar wata tana rawa bayan sun fito.

Na kai littafin gida ƙanwata ta karanta mini. Ashe babin kai ƙara gaba ɗaya tsallake shi ya yi. Innata ta ce in rufa wa kaina asiri, wai ban ga fuska ba, da me zan shaida, kuma korata za a yi. Na san tarinsa, na san yadda yake jan takalminsa a ƙasa. Wallahi ranar taron cibiyar zan miƙe in tona shi. Ko na yi kuskure?

Mai Saƙar Kujeru

'Yar'uwa, ba ki yi kuskure ba, kuma kunne shaida ne. Amma tsoron Inna ba na banza ba ne. In kika miƙe ke kaɗai, zai ce makauniya ta rikice, wasu su yarda.

Fara samun waccan baiwar Allah a keɓe, ki saurare ta, kada ki tilasta mata magana. Ƙanwarki ta karanta babin, ki ɗauki muryarta a waya, ki tura wa sauran matan. Sannan ki kira ƙungiyar da ta kawo littafin da ofishin walwalar jama'a, a zauna da shugaba a gabansu. Ku nemi mace mai horarwa, da littafin cikin murya, da dokar cewa ku ne za ku riƙe ɗan rakiya, ba shi zai riƙe ku ba. In akwai wadda abin ya wuce lalube, asibiti da 'yan sanda yau, ba gobe ba. Kafin nan, kada kowa ta shiga sito ita kaɗai.

Ki miƙe, amma da mata a bayanki. Kunyar tasa ce, ki mayar masa da kayarsa. Allah ya dafa miki.