Mai Jego Ba Kumatu

Talata, 1 ga Yuli, 2025
Miga. Wankan jego ya yi nisa. Kunun kanwa safe da yamma, gasasshen nama har muƙamuƙina ya gaji, amma ina nan jiya-i-yau. Jaririna Izzuddeen kaɗai ke cika, kamar shi ake ɗura wa. Inna takan leƙo ta dube ni ta koma. Ba ta cewa komai, ni kuwa gara ta ce.

Asabar, 5 ga Yuli
Goggo Adama, ƙanwar Baba, ta zo. Ko zama ba ta yi ba ta damƙi damtsena. "Haka za a mayar da ke Dutse kamar sillen kara? Dangin miji su ce uwarki ta kasa riƙon jego?" Inna na bakin murhu, ta ji sarai.
Ni na saba, tun ina firamare ake ce min tsinken tsire. Amma wannan karon kunyar ba tawa ba ce. 'Yar da aka mayar ɗakinta ba kumatu, uwarta ake zagi. Abin da ke ci na ke nan.

Litinin, 7 ga Yuli
Na kasa zaune na kasa tsaye. Sai duba wuyana nake a madubi, haushi kamar in fasa shi.

Alhamis, 10 ga Yuli
Goggo ta kawo wasu ƙwayoyi a ƙullin leda, daga masu tallar magani a kasuwa. Sha-ka-fashe. Wai kafin arba'in zan murje. Na ce ina shayarwa, ta ce su da suka sha duwatsu suka shayar? Na haɗiye. Allah ya sa kada baban Izzuddeen ya ji.

Lahadi, 13 ga Yuli
Fuska ta ɗan tasa, Goggo har da guɗa. Ƙirjina kuwa bugawa yake kamar ana daka, ga barci kamar kasa. Yaron ma ya yi laushi, ba ya kama mama yadda ya saba. Tsoro nake ji.

Talata, 15 ga Yuli
Na kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta dubi fuskata, ta dubi siraran hannuwana. "Me kike sha?" Na faɗa. Ta yi min tas, sannan ta auna ni, ta ce wannan kumburi ne ba ƙiba ba, kuma ni ba rama ce da ni ba, ƙira ce.
Na watsa sauran a masai. To Inna fa? Da wane ido?

Asabar, 19 ga Yuli
Gobe komawa. Yaro ya warware, kumburi ya sace, na koma ni. Goggo ta ce in ɗaura zane biyu daga ciki. Na ce zafi ake yi. Inna na ta ƙulla kayan gara, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Lahadi, 20 ga Yuli
Unguwar Yalwawa, Dutse. Gida maƙil da dangin miji, ana ta karɓar yaro ana masha Allah. Sai wata goggonsu ta ƙare min kallo. "Ikon Allah! Fari aka yi a Miga bana?" Aka kwashe da dariya. Goggo Adama da ta rako ni ta sunkuyar da kai.
Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Hajiya, hatsi na nan. Inna ta ciyar da ni har na gaji da tauna. Naman yana jikin jikanku, ku ɗaga ku ji. Ni kuwa haka Allah ya ƙera ni, ban ga aibin aikinsa ba."
Sai Anti Hindatu, yayar maigidana, wadda kullum ake tsokana wai kujera ɗaya ba ta isar ta, ta tafa hannu. "Ni na yi yawa, ita ta yi kaɗan. Wai mudun yana hannun wa ne?"


Laraba, 23 ga Yuli
Inna ta kira. "An ce kin yi baki gaban surukai." Na zaci faɗa za ta yi. Can ta yi ƙasa da murya. "Me kika ce musu ne? Maimaita min." Na maimaita. Ta ce in sake. Sai na ji tana dariya tana jan hanci. Ashe ita ma haka aka yi mata lokacin da ta yi jegon haihuwata, ta haɗiye.
Ban ce maganar mutane ta daina yi min ciwo ba. Da rana dai malmala ɗaya na ci, na ƙoshi, na rufe kwano, ban ba kowa haƙuri ba.