Ƙashin da Aka Sa wa Baba a Wuya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun fito?

An sallamo Baba ranar Talata. Kin san shekara talatin yana sunkuye a kan agogon mutane, har wuyansa ya cinye, jijiya ta danne, ƙananan kusoshi suka riƙa zubewa daga yatsunsa. Likita ya tsaga ta gaban maƙogwaro, ya cire guringuntsi uku da suka lalace, ya cike gurbinsu da ƙashi, ya ɗaure ƙasusuwa huɗu da farantin ƙarfe don su haɗe. Yanzu in an kira shi ba ya waiwaye. Duk jikinsa yake juyowa a hankali, kamar ƙofar kabad. Mama tana tsokanarsa wai ya zama babban mutum, kallonsa ma sai da layi.

Yaya, akwai abin da na yi. Ranar sa hannu ni na yi tafinta, tunda ni ke makaranta. Likita ya ce ko a yanko ƙashi daga ƙugun Baba, ko a sa na wani mamaci da ya bayar kafin rasuwarsa, an tsabtace an adana. Baba yana kallona, likita yana kallona, ga ɗaliban likitanci uku a tsaye. Kalmar mamaci ta ƙi fita daga bakina. Sai na ce ƙashin ajiya ne na asibiti. Baba ya zaci roba ce, ya ce a sa, yanka ɗaya ya ishe shi.

Don Allah kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Na ga amsarki, kuma na san gaskiya kika faɗa, amma har yanzu na kasa.

Sati shida ke nan muryar Baba ba ta dawo ba. Siririya ce, a dishe. Likita ya ce haka take yi wa wasu, za ta warware. Ni dai in ya kira ni daga ɗaki sai na leƙa na tabbatar shi ne.

Mun koma asibiti an ɗauki hoton wuyan. Na ga su, ƴan guntayen ƙashin nan uku farare a jere. Likita yana murna, wai sun fara kamawa, nan da ƴan watanni ba mai iya raba na Baba da wanda aka sa. Ranar ban ci abinci ba.

Jiya da na taso makaranta na kai masa ruwa shago. Rana tsaka, agoguna duk suna bugawa, shi yana zaune a miƙe, yatsa biyu a kan tabon. Bai ji shigowata ba. Can ya ce, Auta, ke da kike karatu, roba tana gajiya? Na ce ba a koya mana ba tukuna.

Ki sa ni a addu'a.

Auta

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya. Wannan gajeriya ce.

Na gaya masa yau da safe, Mama ta tafi kasuwa. Na durƙusa ta bayansa don kada mu haɗa ido, na faɗi komai. Sannan kujerar ta yi ƙara, ya juyo gaba ɗaya.

Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ya sa. Wai tun da ya farka daga aikin yake jin gajiyar da ba tasa ba, irin ta wanda ya ɗauki kaya a ka shekara da shekaru, alhali shi bai taɓa dako ba. Ya tambaye ni sunan mutumin. Na ce takardar asibiti lamba kawai ta nuna. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya yafe mini, amma in riƙe masa amana ɗaya, in kuma sanar da ke, ke ce babba.

Ya ce ranar da za a yi masa sallah, a gaya wa liman su biyu ne.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta